Alamomi Shida A Kan Mai Aski

SHAFI NA 14

Masu cewa na bar su a tsaye jiya, to ku samu wuri ku zauna. Ga inda muka tsaya: an kwantar da mai aski a gadon tiyata, maganin barci ya ɗauke shi, kowa ya shirya, sai Kafinta ya janye hannunsa daga kan kwamfuta.

*

"Ba zan danna ba."

Ba ka jin komai sai na'urar numfashi tana hura iska a ƙirjin mai aski.

Farfesa bai ko juyo ba. Tun ɗazu ya wanke hannu ya sa safa, yana tsaye da hannaye biyu a sama, jira kawai yake a rufe mara lafiya da ƙyalle ya fara.

"Sista, wa ya yi magana?"

"Kafinta ne, ranka ya daɗe."

"Au. Na zaci kujera ce ta yi ƙara."

Wani ya yi dariya a bayan takunkumi, ya haɗiye ta da sauri.

Kafinta ya saba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana jin irin wannan. Ba shi da takardar likita, ba shi da ta injiniya. Daga rumfar katakon babansu ya shigo asibitin nan yana tura kaya, ranar da masu kafa na'urar nuna wa likita hanya a cikin kai suka zo shi kaɗai ya tsaya a kansu yana tambaya har suka gaji suka koya masa. Sunan rumfa ya biyo shi, aikin kuma ya zama nasa.

Aikin ba mai wuyar faɗa ba ne. Jiya da yamma ya manna wa mai aski alamomi shida a fatar kai, 'yan ƙanana kamar maɓallin riga, ya zagaye kowace da biro. Aka shiga da shi na'urar hoto, alamomin suka fito a hoton tare da ƙwaƙwalwa da ƙarin da ke cikinta. Yau an ɗaure kan da ƙarfe don kada ya motsa, ga kyamara mai ido biyu a kan sanda tana kallo. Kafinta ya taɓa alamomin ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe, kwamfuta ta ɗora hoton jiya a kan kan da ke kwance yau. Daga nan duk inda tsinke ya taɓa, allo zai nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Da shi Farfesa zai san inda zai huda, da inda ba zai kuskura ya taɓa ba. Amma sai Kafinta ya danna ya amince da awon kafin a fara yanka.

Ƙarin bai fi dabino ba. Amma ya jingina da wurin da ke motsa hannun dama.

"Allon nan kore ya nuna ko ja?" in ji Farfesa.

"Kore."

"Kuskure nawa ya rubuta?"

"Milimita ɗaya da ɗigo ɗaya."

"To me kake jira? Sai an yi maka kiɗa?"

"Ranka ya daɗe, ka dubi nan."

Kafinta ya ɗora bakin tsinke a gefen idon mai aski, daidai inda fatar sama ta haɗu da ta ƙasa. A allo, ɗigon ya faɗa can gefe, cikin ƙashi. Ya kai tsinke ƙofar kunne. A allo, ɗigon ya tsaya bayan kunnen.

"Milimita bakwai ya kauce. Ko ma takwas."

"Kwamfuta ta ce ɗaya."

"Kwamfuta alamomi take dubawa, ba ta san kai ba. In duka shida suka matsa gefe tare, cewa za ta yi lafiya lau. Kamar tebur ne, in ka rage ƙafafunsa huɗu daidai ba zai yi rawa ba, amma ya gajarce."

"Kun ji ko? An fara aikin katako."

"A sauka da shi ɗakin hoto, yana barcinsa. Minti arba'in. In sake manna sababbi, a sake ɗauka, mu dawo mu yi aiki da gaskiya."

Sai yanzu Farfesa ya juyo. Idanunsa kaɗai ake gani, kuma sun isa.

"Mutum uku ke jirana a bayan wannan. Ɗaya tun makon jiya ake ɗaga masa. Ka ce in ɗauki mutum da bututu a maƙogwaro in yi yawon lif da shi, saboda tsinkenka ya ga gefen ido?"

"Eh."

"Wa ya manna alamomin?"

"Ni."

"To in sun kauce, aikin wa ya kauce?"

Maganar ta shigi Kafinta. Ya sunkuya ya ƙura wa kan mai aski ido, yana neman inda ya yi kuskure. Alamomi shida, kowace a cikin zagayenta. Ga kuma layin yanka, dogo mai lanƙwasa, wanda ƙaramin likita ya riga ya zana yana bin abin da allon ya nuna.

Sai idonsa ya tsaya a kan wani abu.

Zagayen baƙi ne.

Shi kuwa duk asibitin nan an san shuɗin biro yake riƙewa. Yana nan ma a aljihunsa, ya ji shi da yatsa.

Ya ɗago. Ƙaramin likita yana tsaye a ɗaya gefen gadon, ya sa tabarau, ya zuba wa ƙasa ido. Auta ke nan, ƙanin Kafinta uwa ɗaya uba ɗaya.

Likitar barci ce ta yi gyaran murya daga bayan na'urorinta.

"Farfesa, ni ma fa ina son minti goma. Jijiyar nan ta toshe, sai na nemi wata."

"Yanzun nan tana tafiya."

"Yanzun nan ta tsaya."

Ta faɗa ba tare da ta dubi kowa ba. Amma da Kafinta ya kalle ta, sai ta ɗan karkata kai wajen ƙofa.

Farfesa ya ja tsaki.

"Minti goma. Kai, fita ka sha iska, ko kanka zai sauko. In ka dawo abu biyu ne: ka danna, ko ka ajiye min katin aikinka a kan tebur. Dokta, je ka wanke hannu."

*

Matar mai aski tana zaune a benci na uku a baranda, ta rungume jakar kayan mijinta a cinya, takalmansa a cikin leda a gefenta. Tana ganin Kafinta ta miƙe.

"Malam mai alamomi! Har an gama?"

"Ba a fara ba tukuna. Zauna, baiwar Allah, tambaya zan yi miki."

"Wayyo, ni na zaci an gama. Ai ni tun safe ko ruwa ya ƙi wucewa."

"Bayan na bar ku jiya, wa ya taɓa kansa?"

"Babu kowa. Wa zai taɓa? Ai ko ƙuda ban bari ya sauka ba."

"Ki tuna da kyau."

"Wallahi babu. Sai dai wanka."

Kafinta ya zauna a bakin bencin a hankali.

"Wane wanka?"

"Na safe mana. Nas ce ta kawo min wani sabulu ja a kwalba, mai warin asibiti, ta ce a wanke shi tas tun daga sama har ƙasa kafin a shiga da shi. Na ce to. Shekara ashirin yana wanke kawunan mutane a shago, yau dai ni na samu nasa. Har yana cewa in bi a hankali, ba tukunya nake kankarewa ba."

Ta yi 'yar dariya. Da ta ga bai taya ta ba, sai ta daina.

"Har kan kika wanke?"

"Sama fa ta ce. In ba kai ba ina ne sama?"

"Alamomin fa?"

"Ai su ne suka ba ni tsoro! Ina zuba ruwa sai na gan su suna yawo a bokiti. Amma ka kwantar da hankalinka, ko ɗaya ban yar ba. Duka shida na tsince, na jera su a murfin kwano suka bushe."

"Zanen biron fa?"

"Shi kam ya bi ruwa."

"Wa ya maida su?"

Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta rage murya.

"An ce fa kada in faɗa. Wai don kada a yi wa nas ɗin faɗa, yarinya ce sabuwa."

"Ni ba mai yi wa nas faɗa ba ne. Wa?"

"Likitan nan ƙarami, mai tabarau. Yaron kirki. Yana shigowa na nuna masa murfin, sai na ga ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce ba komai. Ya fito da wayarsa, akwai hoton kan da ya ɗauka jiya, yana duba waya yana mannawa, yana duba waya yana mannawa. Har gam ya samo. Ya zagaye su da biro, suka koma kamar ba a taɓa ba." Ta tsaya tana kallon fuskarsa. "Kai, kun ma yi kama fa. Ta nan goshi."

"Maigidan yana kwance ko yana zaune?"

"Yana zaune a bakin gado, da tawul a wuya."

Kafinta ya rufe ido. Shi jiya mai askin yana kwance ya manna su, yadda zai kwanta a cikin na'ura. Fatar kai ba katako ba ce, zamewa take. Ga kuma hoton waya da aka ɗauka daga gefe. Ai dole.

"Malam." Muryarta ta canza. "Na yi ɓarna ko?"

"Ke abin da aka ce ki yi kika yi."

"Kada ka lallashe ni, ni ba yarinya ba ce. Wani abu zai same shi?"

"Ba a yanka ba tukuna."

"Sun ce hannunsa ne abin tsoro. Shi ma shi yake ta faɗa. Jiya cewa ya yi, in zai tashi ba hannun dama gara a bar masa ƙarinsa. Almakashi ba ya riƙuwa da hagu, malam. Ya gwada, kunnen ɗanmu ya kusa cirewa."

Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta.

Kafinta ya miƙe.

"Ki riƙe masa takalmansa."

"Ina za ka?"

"Wurin aikina."

*

Wurin wanke hannu wani ɗan lungu ne kafin ƙofar ɗakin tiyata, famfo uku a jere, da madubi mai tsaga. Auta shi kaɗai ne a ciki, kumfa har gwiwar hannu, yana dirzar farce da buroshi kamar da su yake faɗa.

Kafinta ya taka abin famfon ya kashe ruwan.

"Auta."

"A nan Dokta ake ce min."

"A nan ma ni na goye ka. Ina bironka?"

"Wane biro?"

Kafinta ya zura hannu a aljihun rigar ƙaninsa ya zaro shi. Baƙi. Ya ɗaga shi tsakaninsu.

Auta ya dubi biron, ya dubi ƙofa.

"Yaya, rage murya."

"Au, na koma yaya?"

"Don Allah."

"Murfin kwano, Auta? Gam? Hoton waya? Kan mutum ne fa, ba takalmi ba!"

"Na maida su daidai! Na duba sau uku!"

"Ka duba sau uku, ka kauce milimita bakwai. Me ya hana ka kira ni? Ɗakina hawa ɗaya ne daga nan. Da ka kira ni, da tun ƙarfe bakwai na sake manna su, an sake hoto, ba wanda zai ji."

"Sai an rubuta takardar sabon hoto. Sai Farfesa ya sa hannu. Sai ya tambayi dalili."

"Sai ka faɗa masa."

"In faɗa masa me? Ni ne ya kamata in rubuta a fayil kada a jiƙa kan. Na manta. Marasa lafiya ashirin da biyu na zagaya jiya, na manta layi ɗaya!" Kumfa na ɗiga daga hannunsa zuwa ƙasa. "Watan jiya ya gaya min a gaban kowa, in aka sake ɗaga aiki saboda ni, ba zai sa hannu a takardar kammalawata ba. Shekara shida, Yaya. Wata huɗu ya rage min."

"Shi mai askin nawa ya rage masa?"

"Kore fa ya nuna! Kuma Farfesa ba makaho ba ne. In ya buɗe zai ga ƙarin da idonsa."

"Ƙarin yana ƙarƙashi, kai ka fi ni sani. Sai ya ratsa lafiyayyen wuri kafin ya kai. In ya ratsa ta inda layinka ya nuna, ta kan hannun mutumin zai bi."

"Wataƙila ba zai taɓa ba."

"Wataƙila. Shi aka koya muku shekara shida?"

Auta ya jefar da buroshin a cikin kwatami.

"Kai ba za ka gane ba. Ba ka taɓa zama a gaban mutum kana jiran ya sa maka hannu ba. Ba ka taɓa rubuta jarrabawar da in ka faɗi shi ke nan ba."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Su biyun sun san dalilin da ya sa ɗaya ya tsaya a rumfa ɗaya ya wuce makaranta. Kafinta ya bar ta ta zauna a tsakaninsu har Auta ya kawar da kai.

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. Ci gaba."

"Yaya, ka ji. Akwai hanya. Ka ce kai ne. Ka ce jiya hannunka ya kauce, ko gam ɗin bai kama ba. Kai ba abin da za su yi maka, ba wanda ya iya na'urar nan sai kai. Faɗa kawai zai yi, gobe ya manta."

"Na ji ya kira ni kujera ina da gaskiya. In na ce ni na yi kuskure, kana ganin zai saurari awona? Cewa zai yi wanda ya kasa manna maɓalli shi zai gaya min milimita? Ya yanka abinsa."

"To ka danna kawai! Ka bar wa Allah!"

"Kada ka sa Allah a cikin gam ɗinka."

"Inna fa? Me za ka ce wa Inna? Duk layinmu ta gama gaya musu ɗanta ya kusa zama likitan ƙwaƙwalwa. Har kajinta sun sani. Kai za ka je ka ce mata kai ka tona min asiri?"

Nan Kafinta ya tuno gida. Ya ga Inna a kan tabarmarta, ya ji yadda take jan sunan "Dokta" a baki kamar alewa. Ya ga Auta yana ɗan shekara biyar, yana bin sa rumfa yana tara masa ƙusoshin da suka lanƙwashe.

Ya maida biron aljihun ƙaninsa, ya daddaɓa shi.

"Ba zan kira sunanka ba."

Auta ya sauke ajiyar zuciya.

"Ba kuma zan danna ba."

"Yaya..."

"Nawa ke nan. Sauran naka ne. Wanke hannunka, kumfa ta bushe."

*

Kafinta yana tura ƙofar ɗakin tiyata ya ga an riga shi.

An shafe kan da magani, an lulluɓe mai aski da koren ƙyalle tun daga ƙafa har fuska. Babu ido, babu kunne, babu inda zai ɗora tsinke ya nuna wa kowa komai. 'Yar taga kawai aka bari a ƙyallen, faɗin tafin hannu, layin yanka a tsakiyarta.

Likitar barci ta dube shi ta girgiza kai kaɗan. Ta yi iya nata.

"Ka sha iskar?" in ji Farfesa.

"Na sha."

"To bismillah."

"An wanke masa kai da safe, ranka ya daɗe. Alamomin duka sun faɗo a bokiti. Wani ya maida su da hannu, ba a sake hoto ba. Waɗanda ke kansa yanzu ba a inda na sa su suke ba."

Sista ta tsaya da jera kayan aiki.

"Wa ya gaya maka?"

"Matarsa."

"Matarsa." Farfesa ya gyaɗa kai. "Na ba ka minti goma ka yi tunani, ka tafi hira da matan mutane a baranda. Wa ya maida su?"

Auta ya shigo daidai lokacin, hannaye a sama. Nas ta zura masa riga, ta sa masa safa. Ya zo ya tsaya a wurinsa, gefen gado.

"Tambayarka nake. Wa?"

"Ba aikina ba ne in faɗa."

"Ba aikinka ba ne, ko babu shi? An wanke kai, wani ya maida, wani ba shi da suna. Aljani ne? Ka yi kuskure jiya, yau kana neman wanda za ka rataya wa. Sista, je ki danna min abin nan."

"Ni ranka ya daɗe ko wayata jikata ke buɗe min."

"Nas!"

"Ban san lambar sirrin ba, ranka ya daɗe."

Farfesa ya yi wata dariya mara daɗi.

"Madalla. To ku ji. Shekara talatin ina buɗe kai kafin a ƙera akwatin nan. Ga layi an zana, ga hoto a bango, ga idona. Ya ishe ni. Kai kuma, kati."

Kafinta ya cire igiyar daga wuyansa. Ya ajiye katin a kan tebur, hotonsa na kallon sama.

"Ga shi."

"Ga ƙofa."

"Ba zan fita ba."

"Me ka ce?"

"Katin naku ne, na ba ku. Ƙafafun nawa ne. Layin nan daga allon aka kwafe shi, allon kuma ƙarya yake, don haka layin ma ƙarya ne. Zan tsaya a nan in kalla. In matar nan ta tare ni a baranda ta ce me ya sami hannun mijinta, ina so in gaya mata abin da na gani da idona. Wanda ya yanka, da waɗanda suka tsaya suna kallo."

"Barazana kake min? A ɗakina?"

"Shaida nake."

"Nas, kira masu gadi."

Nas ta nufi wayar bango, tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai.

"Farfesa," in ji likitar barci, "minti arba'in fa ba..."

"Ke ki kula da barcinsa, ni in kula da kansa. Wuƙa."

Ya miƙa hannu. Sista ta dubi tire. Ta ɗauki wuƙar, ta juya ta, ta duba bakinta kamar yau ta fara ganin irinta.

"Sista!"

Ta ɗora masa a tafin hannu.

"Dokta, ja min fatar."

Auta ya kai yatsu biyu gefen layin. Kafinta yana tsaye daga nesa, amma yana ganin yadda yatsun suka kasa jan fatar. Bai kira shi ba. Bai yi tari ba. Kallonsa kawai yake, irin kallon da yake masa tun suna yara in an fasa abu a gida Inna tana tambaya.

"Me ya sami hannunka? Ja da kyau."

Farfesa ya sunkuya. Bakin wuƙar ya sauka a farkon layin. Fatar ta lotsa. Ɗigon jini guda ya fito, ja wur a kan ruwan magani.

Auta ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan layin gaba ɗaya.

Saura kaɗan wuƙar ta shiga yatsansa.

"Kai! Ka haukace?"

"Kada ka yanka, ranka ya daɗe."

Muryar ta fito siririya, kamar ba tasa ba.

"Cire hannunka."

"Layin ba daidai ba ne. Ni na zana shi. Alamomin ma ni na maida su." Bai ɗauke hannun ba. "Na manta ban rubuta kada a jiƙa kan ba. Da safe na tarar da su a murfin kwano. Na manna su da gam ina duba hoton waya, na ce wa matar kada ta faɗa. Abin da ya gaya maka duk gaskiya ne."

Nas ta tsaya da kan waya a hannu. Ana jin muryar mai gadi a ciki yana cewa halo, halo.

Farfesa bai motsa ba. Wuƙar tana nan a hannunsa, tsakanin sama da kan mai aski. Ya dubi hannun Auta a kan layin. Ya dubi allon da har yanzu yake nuna kore. Ya daɗe yana kallonsa.

Ƙarar wuƙar a cikin tire ta sa kowa ya zabura.

"Awa nawa za ki iya riƙe min shi?"

"Ko biyu kake so," in ji likitar barci.

"Sista, a rufe wurin nan da auduga. A kira ɗakin hoto, a ce su fitar da duk wanda ke ciki, ina saukowa da mara lafiya. A riƙe lif."

Ɗakin ya motsa gaba ɗaya.

Farfesa ya zare safarsa, yatsa bayan yatsa, ya jefa a kwando. Ya cire takunkumi. Fuskar da ke ƙarƙashi ba ta da alamar wasa ko kaɗan.

"Ɗaya ya ɓoye min abu tun safe. Ɗaya ya san mai laifi, ya tsaya a gabana ya ce ba aikinsa ba ne, har wuƙata ta taɓa fata." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ɗaya daga cikinku zai bi gadon nan zuwa ƙasa. Ɗayan ya tuɓe kayan asibiti, kada in sake ganinsa a hawan nan."

Katin Kafinta yana kan tebur. Hannun Auta yana kan mai aski, ya kasa ɗaukewa.

Sista ce ta yi ƙarfin halin tambaya.

"Wanne, ranka ya daɗe?"

Farfesa ya ɗaga yatsa.

Mu haɗu gobe a shafi na 15.